Medicare na asali ko Medicare Advantage: wanne ya dace da dattijon da ya cika 65 a Amurka?

Wata uku kafin Kawu ya cika shekara 65, akwatin wasiƙunsa ya fara cika da ambulan masu launi-launi. Wata Lahadi bayan la'asar na je gaishe shi a gidansa da ke Greensboro, na tarar ya tara su a kan farantin da ake kawo shayi, sun yi tsibi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya turo mini farantin ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini waɗannan. Kowanne cewa yake kyauta ne. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?"

Kawu ya haura shekara 20 a ƙasar nan. Ya yi tuƙin tasi, daga baya ya koma aiki a rumbun ajiyar kaya. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma babban burinsa idan ya yi ritaya shi ne ya riƙa zuwa Maraɗi yana yin watanni cikin jikokinsa. Irinsa suna da yawa a cikinmu, daga Bronx har Houston, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka tarar a makonnin da muka yi muna bin takardun nan ɗaya bayan ɗaya.

Medicare inshorar lafiya ce ta gwamnatin tarayyar Amurka ga wanda ya kai 65. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa wa dokarta hannu a 1965. Sashen A na kwanciya asibiti ne. Sashen B na ganin likita ne, da gwaje-gwaje, da duk aikin da ake yi wa mutum ya koma gida. Sashen D na magungunan da ake karɓa a kantin magani ne, shi an ƙaro shi ne a 2006. A da B idan aka haɗa su, su ne ake kira Medicare na asali, kuma gwamnati ce ke biyan likita kai-tsaye. Sashen C kuwa shi ne Medicare Advantage: gwamnati ta miƙa wa wani kamfanin inshora kuɗi a kanka duk wata, shi kuma kamfanin ya ɗauki nauyin lafiyarka bisa nasa sharuɗɗan. Kusan duk ambulan da ke kan farantin Kawu daga irin waɗannan kamfanoni suke. Yanzu fiye da rabin masu Medicare can suke.

Kafin a kai ga zaɓi, akwai abu biyu da ke yi wa mutanenmu tarnaƙi tun a bakin ƙofa.

Na farko maki 40. Sashen A kyauta ne ga wanda ya tara maki 40 na aiki, wato kamar shekara 10 yana biyan haraji. A 2025 kowace dala 1,810 da aka bayyana wa hukuma maki ɗaya ce, kuma ba a samun fiye da 4 a shekara. Wanda ya yi shekaru yana karɓar kuɗi a hannu, a shagon kitso ko a tasi, bai cika takardar haraji ba, waɗannan shekarun ba su shiga lissafi ba. Wanda makinsa bai kai 30 ba, a 2025 dala 518 zai biya duk wata kan Sashen A kaɗai. Tsakanin 30 da 39 kuwa dala 285. Matar da ba ta yi aikin albashi ba tana iya shiga da makin mijinta, idan ya kai 62 kuma auren ya shekara. Iyayen da muka kawo da takardar zama ta dindindin sai sun yi shekara 5 a jere a ƙasar kafin ma a sayar masu. Kawu ya yi sa'a, shekarun rumbun kaya sun cika masa makinsa har da ƙari. Duk wanda ya haura 55 ya je ya duba nasa a ofishin Social Security, wato hukumar fansho ta gwamnatin tarayya, tun akwai sauran lokacin cikewa.

Na biyu lokaci. Wata 7 ake bayarwa: 3 kafin watan cika 65, watan kansa, da 3 bayansa. Wanda ya riga ya fara karɓar fanshon Social Security ana turo masa kati ba sai ya nema ba, amma wanda bai fara ba shi zai nema da kansa. Idan ka makara a Sashen B, duk cikakkiyar shekarar da ta wuce ana ƙara maka kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin wata, kuma tarar nan ba ta faɗuwa muddin kana cikin tsarin. Kuɗin Sashen B a 2025 dala 185 ne a wata, a 2026 ya koma dala 202.90. Mai makarar shekara 2 a farashin 2025 zai riƙa ƙara dala 37 duk wata. Wanda har yanzu yake aiki a kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye, yana kuma cikin inshorarsu, shi yana iya jinkirtawa ba tara, sai dai yana da wata 8 kacal bayan ya ajiye aiki. Inshorar COBRA da ake ci gaba da saye bayan barin aiki ba ta tsayar da wannan agogo, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa rami.

To, mu zo kan hanyoyin biyu.

Medicare na asali yana da babbar ɓaraka guda: ba shi da rufi. A Sashen B, bayan ka biya dala 257 na farkon shekara a lissafin 2025, gwamnati na biyan kashi 80, kai ka biya 20, kuma wannan 20 ɗin ba shi da iyaka. Ga mai ganin likita sau 3 a shekara ba wani abu ba ne. Amma a ce mutum ya kamu da cutar daji, ko ƙoda ta gaza aka shiga wanki sau 3 a mako. Idan kuɗin da aka amince da shi ya kai dala 60,000 a shekara, dala 12,000 na wuyanka. Kwanciya asibiti kuma a 2025 dala 1,676 ce kafin gwamnati ta sa hannu, kuma ba sau ɗaya a shekara ba: idan aka sallame ka, ka yi kwana 60 a waje, aka sake kwantar da kai, sabon biya ne. Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya zauna da A da B tsurarsu.

Abin da ke toshe wannan ɓaraka shi ne Medigap, inshorar ciko da ake saye daga kamfani. Alherinta shi ne gwamnati ta daidaita ta da haruffa: Tsarin G na wannan kamfani da Tsarin G na wancan abu ɗaya suke biya, farashi ne kawai ya bambanta. Tsarin F da tsofaffinmu ke yabo an rufe shi ga waɗanda suka cancanci Medicare daga 1 ga Janairun 2020, don haka ga sabon shiga G ne babba. Mai G, idan ya biya dala 257 ɗin nan na Sashen B, sauran duk abin da Medicare ya amince da shi an ɗauke masa, ko da ya kwana wata biyu a asibiti. Tsarin N ya fi sauƙin kuɗin wata, amma za ka riƙa ba da abin da bai wuce dala 20 ba a wurin likita, da dala 50 a ɗakin gaggawa idan ba a kwantar da kai ba. Sannan sai ka sayi Sashen D daban don magani. Ka ga kenan kati uku a aljihu, kuɗin wata uku: na B, na Medigap, na D. Kawu da ya ji haka sai ya gyara zama ya ce, "Ashe tsufa ma da kuɗinsa."

Medicare Advantage ta nan yake jan mutane, kuma ba a banza ba. Kati ɗaya ne, galibi har da magani a ciki. Da yawa ba su karɓar ƙarin kuɗin wata. Suna kuma ba da ɗan abin da Medicare na asali ba ya taɓawa: wankin haƙori, tabarau, na'urar ji, wani lokaci har da mota zuwa asibiti. Ga dattijon da fanshonsa bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Yana da rufi ma: a 2025 doka ta ce abin da mutum zai biya daga aljihunsa a cikin likitocin kamfanin kada ya wuce dala 9,350 a shekara, kuma tsare-tsare da dama nasu rufin ya yi ƙasa da haka.

Sai dai kalmar "kyauta" da ke jikin ambulan tana buƙatar fassara. Kuɗin Sashen B yana nan, za a ci gaba da cire shi daga fanshonka. Abin da aka ɗauke maka shi ne ƙarin kuɗin wata, aka mayar da shi biya-idan-ka-je: kaza wurin ƙwararren likita, kaza kowane dare a asibiti, kaza hoton ƙwaƙwalwa. Shekarar da kake lafiya ka ci riba sosai. Shekarar da ciwo ya kwantar da kai kana iya kaiwa rufin, idan kuma ciwon ya tsallaka Janairu lissafi ya koma sifili, ka sake hawa. Mai Medigap yana biyan tsada a lokacin da yake da lafiya don kada ya biya a lokacin da yake kwance. Mai Advantage ya ɗauki akasin haka. Tambayar da na yi wa Kawu ita ce: idan aka ce gobe ka kawo dala dubu 6 ko 7, kana da inda za ka ɗauko ba tare da an yi maka karo-karo a masallaci ba? Ya yi shiru.

Abu na biyu da ya raba su shi ne wane ne ke da ta cewa a kan jinyarka. Da Medicare na asali kana iya zuwa wurin duk likitan da ke karɓar Medicare a ko'ina cikin Amurka, kuma mafi yawan likitoci suna karɓa. Ba ka neman takardar turawa kafin ka ga likitan zuciya. Idan 'yarka tana Atlanta, ta ce ka zo a yi maka aikin ido a can don ta kula da kai, sai ka ɗauki jakarka. Advantage kuwa yana da jerin likitocinsa da asibitocinsa a yankinka. A nau'in HMO, idan ka fita daga jerin, ban da gaggawa, kai za ka biya. A nau'in PPO kana iya fita amma da tsada. Jerin nan kuma yana canjawa. Na san wata Hajiya da ta shekara 9 da likitan sugarta, ya san ta har ya san yadda take azumi yana daidaita mata allura kafin Ramadan, rana ɗaya aka aiko mata wasiƙa cewa asibitinsa ya fita daga tsarinta. Ta yi kuka, kuma duk wanda ya san wahalar samun likitan da zai saurari Turancin tsohuwa cikin haƙuri zai gane dalili.

Ga kuma neman izini. A Advantage, manyan ayyuka kamar hoto mai tsada, wasu tiyatoci, da zama a gidan farfaɗowa bayan an sallami mutum daga asibiti, sau da yawa sai kamfani ya amince tukuna. Akasari suna amincewa. Amma a 2022 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar lafiya ta Amurka ya duba buƙatun da kamfanoni suka ƙi, ya tarar kashi 13 cikin 100 daga cikinsu sun cika ƙa'idar Medicare, wato da mutum yana kan na asali da an yi masa. Akwai damar ɗaukaka ƙara, kuma masu ɗaukakawa suna yawan yin nasara. Matsalar ita ce ɗaukaka ƙara aikin waya ne da takardu da Turanci, a daidai lokacin da mutum yake kwance. Dattijon da 'ya'yansa ke kusa kuma suna da bakin magana zai iya. Wanda yake shi kaɗai, iyali suna gida, wannan nauyi ne da ya kamata ya auna tun yanzu.

A ɓangaren magani bambancin ya ragu. Daga 2025 an sa rufin dala 2,000 a shekara kan abin da mutum zai biya na magungunan da tsarinsa ya amince da su, a 2026 ya zama 2,100, kuma allurar insulin ba ta wuce dala 35 a wata, ko kana Advantage ko kana da D daban. Abin dubawa kawai shi ne ko magungunanka suna cikin jerin tsarin. Mun zube na Kawu guda 5 a kan tabarma, muka shigar da sunayensu ɗaya-ɗaya a shafin Medicare na intanet, nan take ya nuna mana abin da kowane tsari zai ci a shekara. Ko da ba ka shan komai yanzu, ka sayi D mafi araha, domin shi ma yana da tarar makara.

Yanzu maganar da ta fi shafarmu, wadda babu ambulan ɗin da ya taɓo ta: tafiya gida. Medicare na asali ba ya biyan jinya a wajen Amurka, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi mai zuwa Kano ko Kumasi ko Damagaram ba. Medigap na G da N suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a ƙasar waje, bayan ka biya dala 250, amma sai idan ciwon ya same ka cikin kwana 60 na farkon tafiyar, kuma jimillar abin da za su biya a tsawon rayuwarka dala 50,000 ne. Wannan ya ishi mai zuwa Hajji ko Umra ko bikin 'ya, bai ishi mai zaman wata 5 ba. Tsare-tsaren Advantage da dama su ma suna biyan gaggawa a waje, yawanci ka biya ka kawo rasit. Sai dai suna da wani sharaɗi: idan ka yi fiye da wata 6 a jere ba ka yankin tsarin, ana cire ka. Medicare na asali da Medigap kuwa suna nan suna jiranka muddin ana biyan kuɗin wata. Ko ta wace hanya, jinyar yau da kullum a gida daga aljihunka take, don haka a ware mata kuɗinta daban, a kuma nemi maganin wata 3 kafin a hau jirgi.

Wasu kan ce tunda za su koma gida gaba ɗaya, me zai sa su ci gaba da biyan B? Na fahimci wannan, dala 200 a wata kuɗi ne mai yawa idan aka juya shi zuwa naira ko sefa. Amma mun sha ganin wanda ya tafi da niyyar ba dawowa, bayan shekara 4 ciwo ya dawo da shi. Irin wannan zai tarar da tarar kashi 40, kuma sai ya jira tsakanin Janairu da Maris kafin ya sake shiga. Wanda ya san idan ciwo ya yi tsanani nan zai dawo, gara ya riƙe B.

Abin da ya fi komai nauyi a ganina shi ne hanyoyin biyu ba su da sauƙin juyawa iri ɗaya. Shiga Advantage a buɗe yake kowace shekara, daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, ba mai tambayar lafiyarka. Medigap kuwa taga ɗaya gare shi: wata 6 daga lokacin da ka kai 65 kuma Sashen B ɗinka ya fara aiki. A cikin wannan wata 6 dole kamfani ya sayar maka, ba zai ƙi ka ko ya tsawwala maka don kana da suga ko ciwon zuciya ba. Bayan nan, a mafi yawan jihohi, suna da ikon bincika tarihin lafiyarka su ce a'a. Ka ga mutum ya shiga Advantage yana 65 da ƙarfinsa, yana 72 ciwo ya zo, ya so komawa na asali. Komawar za ta yiwu, amma Medigap na iya gagara, sai ya zauna da kashi 20 marar rufi. Akwai sassauci guda: wanda ya fara da Advantage tun yana 65 yana da wata 12 na gwaji, idan bai ji daɗi ba ya fita ya sayi Medigap ba tare da binciken lafiya ba. 'Yan'uwanmu na New York da Connecticut su dokar jiharsu ta bar masu ƙofar a buɗe duk shekara, ko da yake Medigap a New York yana da tsada. North Carolina ba ta cikin waɗannan, kuma mai suga da hawan jini kamar Kawu, idan tagar nan ta rufe, da wuya ta sake buɗe masa.

Duk wannan lissafi yana canjawa ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma kada kunya ta hana kowa tambaya. Wanda kuɗin shigarsa kaɗan ne yana iya samun Medicaid, wato inshorar lafiyar da jiha ke ba masu ƙaramin ƙarfi, a kan Medicare, ko shirin da jiha ke biya masa kuɗin B, da wani tallafin da ke rage kuɗin magani ƙwarai. Wanda ya sami cikakken Medicaid ba ya buƙatar Medigap, kuma akwai tsare-tsaren Advantage da aka yi musamman don masu kati biyun. Wannan haƙƙi ne da doka ta tanada. Sai dai mai irin wannan tallafi ya yi hattara da doguwar tafiya, domin Medicaid na mazaunin jiha ne, kuɗin SSI kuma, wato tallafin wata-wata da gwamnati ke ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, yana tsayawa idan mutum ya yi kwana 30 a jere a wajen ƙasar.

Ni dai ga inda na tsaya. Mai ciwo mai daɗewa, ko mai yawo tsakanin jihohi da gida, idan zai iya jure kuɗin wata, ya ɗauki Medicare na asali da Medigap G, ko N idan G ya yi nauyi, tun cikin wata 6 ɗin nan. Wanda kuɗin Medigap zai hana shi biyan haya, kuma zaune yake wuri ɗaya, Advantage zaɓi ne mai mutunci, da sharaɗin ya kira ofishin likitansa da bakinsa ya tabbatar suna karɓar wannan tsarin takamaimai, ya duba rufin shekara kafin ya duba kyautar tabarau, ya kuma karanta wasiƙar canje-canje da ke zuwa duk Satumba. Dillalin da ya zo gida ko ya tare ka a bakin kanti yana iya zama mutumin kirki, amma kamasho yake samu, kuma ba lalle ne yana sayar da duk tsare-tsaren yankinka ba. Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta wanda ba ya sayar da komai. A North Carolina sunansa SHIIP, a New York HIICAP. Lambar Medicare kuma, 1-800-633-4227, ana iya neman tafinta a kanta.

Mu ofishin SHIIP muka je. Matar da ta karɓe mu ta ɗauki fiye da awa ɗaya tana bin takardun Kawu da biro, ta fitar mana da farashin G na kamfanoni daban-daban a yankinmu, muka ga tazarar da ke tsakaninsu a kan abu iri ɗaya. Da muka fito Kawu ya tsaya a jikin mota yana lissafi da yatsu. Ya ce idan ya ɗauki G, kuɗin da yake turawa gida duk wata sai ya ragu, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Na ce, "Kawu, in ka yarda, ni da Yaya za mu riƙa cika abin da ya ragu." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce Allah ya yi mana albarka, in kira kamfani na biyu a jerin ranar Litinin, amma in tabbatar an rubuta sunansa daidai da yadda yake a katin gwamnati, don an taɓa juya masa shi a wata takarda ya sha wahalar gyarawa.